Shekarar da Gonar Inna ta Bushe

Shekarar da za a yi bikin yayata, Inna ta aiko daga Bahri cewa ba za ta haye gada ta zo dakan turare ba. Inna yayar mahaifiyata ce, ita ta goye ta, kuma a danginmu ba a taɓa kai amarya ba sai da humrar da ta haɗa da hannunta. Idan biki ya matso, mata sukan taru a gidan amarya, a fito da turmi, a daka sandal da kanumfari da farce, ana waƙa ana guɗa, Inna tana zaune a tsakiya tana shinshinawa, tana cewa a ƙara wannan, a rage wancan. Idan aka taru babu ita, kowace mace za ta koma gida da labarin cewa Umma da yayarta sun rabu, kuma labarin zai zama gaskiya. Umma ta san haka. Ranar da saƙon ya iso ta zuba gishiri a shayin Baba.

Abin da ya jawo wannan kuwa gona ce, gonar da take cikin waya.

Duk wannan kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwarmu da gadoji ita ce cunkoso. Muna zaune a Umdurman, kogi ne tsakaninmu da Bahri. Wasan ya shigo gidanmu ta hannun yaran dangi, kamar yadda mura take shigowa. Ana ba ka fili a fuskar waya, ka yi shuka da yatsa, ka yi ban ruwa, ka girbe, ka kiwata kaji da shanu. Ni abin da ya ja ni sararin samaniyarsa ne. A can kullum la'asar ce mai sanyi, gajimare yana tafiya a hankali, ba a ɗauke wuta. Na cika filina da furanni, na haƙa ɗan tafki, nakan zauna ina kallon agwagi suna kewayawa har shayina ya huce.

Umma ba ta son abin ko kaɗan. "Mun kai ki jami'a don ki dawo kina shafa gilashi kamar mai kiran aljani?" Haka take cewa. Baba kuwa abin ya fi ƙona shi. Iyayensa tsintar auduga suka yi a Jazira har bayansu ya lanƙwashe, shi kuma ya gudo birni yana saurayi, ya kafa rumfar kayan yaji a kasuwar Umdurman, ya rantse babu ɗansa da zai riƙe fartanya. Ga shi 'yarsa tana noma a kan katifa.

Wata rana Umma ta zo karɓar tire, sai ta leƙa ta bayan kafaɗata.

"Wannan filin duk naki ne?"

"Nawa ne, Umma."

"Ga ruwa a gefe, ga ƙasa baƙa wuluk, kika shuka fure? Fure za ki ci? Miƙo nan."

Kafin a kira sallar la'asar ta tuge furannina kaf, ta shuka alkama da masara. Da ta ga alkamar ta nuna kafin ruwan zafi ya tafasa, sai ta ƙura wa wayar ido. "Ya salam," ta ce. "Babu tsutsa, babu mai duba gona ya zo yana maka tsawa, babu ƙaya. Da haka Jazira take, ai da uwata ba ta mutu da ciwon baya ba." Washegari ta sa na buɗe mata tata gonar.

Baba ya shiga ta ƙofar ilimi. Umma ce ta tambaye shi, bilhaƙƙi da gaskiya, ko akwai zakka a kan hatsin da ya cika mata rumbu. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ya karɓi wayar bayan azahar, bai dawo da ita ba sai dab da magariba, ya ce mas'alar tana da zurfi, tana buƙatar bincike, saboda haka a buɗe masa tasa gonar don ya bincika da kyau. Har yau bai ba da amsar ba. Amma ya warware mana matsalar aladu, domin wasan ba ya barin mutum ya ci gaba sai ya kiwata su. Ya ce tunda lalura ce, a ajiye su can bayan itatuwa, inda baƙo ba zai gani ba.

Ba zan ce wasan bai amfane mu ba. Umma ta daina faɗa da maƙwabciya a kan ruwan wanki, don ba ta da lokaci. Kawu, wanda yake tsakanin Inna da Umma a haihuwa kuma yake zaune a unguwar Alsahafa, ya daɗe ba ya ga maciji da Baba saboda gardamar ƙwallo, sai ga su suna musayar katako da ƙusa kamar aminai. Wata jikar ƙanwar kakanmu da ke Katsina, wadda ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ta riƙa shayar mana da tumatir. Mu yara kuma, da ake mana magana da Hausa muna amsawa da Larabci, a bakin wannan gonar muka san lauje da rumbu da sussuka, saboda da Hausa manya suke yi mana ihu idan amfanin gona zai lalace.

Inna ita kaɗai take zaune a Bahri. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna aiki a ƙasashen Larabawa. Tun ina ƙarama kowace Juma'a mukan je wurinta. Mu hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa tasha, mu shiga hafla, ƙaramar bas, yaron mota yana kaɗa yatsu yana karɓar kuɗi, ni kuma ina manne da taga don in ga kogi daga kan gadar Shambat, yadda rana take farfashewa a kansa kamar an zubar da tiren kofuna. Mu tarar da ita a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin dogon yaro, tana gasa gahawa da citta. A irin wannan Juma'ar ce Umma ta sa aka buɗe wa Inna gona, don ta rage kaɗaici. Inna ta shuka dawa da kuɓewa, ta ƙi duk wani abin da ba ta san sunansa ba.

A wasan ana iya shiga gonar ɗan'uwa a taimaka masa. Manyanmu da suka ga haka sai suka ce ai wannan gayya ce, abin da Larabawan nan suke kira nafir. Kuma gayya a wurinmu tana da ladabinta tun daga Jazira. Idan ka ga gonar ɗan'uwanka ta yi ciyawa, ba ka tambayarsa dalili, don tambayar kunyatarwa ce. Ka shiga ka yi aikin, ka fita shiru. Haka muka riƙa yi. Da safe Umma takan shiga gonar Inna ta yi ban ruwa. Da hantsi Kawu ya girbe mata dawa daga cikin shagonsa. Ni nakan ba kajinta abinci. Sannu a hankali Juma'a ta fara tsallakewa. Idan Baba ya ce, "Yau ba za ku Bahri ba?" sai Umma ta ce, "Ai yanzu na fito daga wajen Yaya." Ba ƙarya take yi ba, a ranta ta je.

Ana cikin haka Inna ta zame a bakin famfo, ta bugu a ƙugu, ta kwanta. Maƙwabtanta ne suka kai ta asibiti, suka dawo da ita, suka riƙa kawo mata kunu da miya. Ba ta taɓa wayar da sunan wasa ba tsawon kwanciyar. Mu kuwa kullum muna ganin gonarta kore shar, rumbu a cike, kaji suna ƙwai. Kowannenmu yana yin nasa, yana zaton sauran aikin hannunta ne. Har Umma takan yaba: "Kai, Yaya akwai himma. Dubi kuɓewarta."

Ita kuma Inna mutuniyar da ce. A wurinta mara lafiya ba ya aikawa a zo a gaishe shi, masu lafiya ne suke neman labari. Umma ta kira ta sau ɗaya ko biyu, ta ce, "Yaya, lafiya?" Inna ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi," domin babu wata amsar da ake ba wannan tambayar. Sai Umma ta ce, "To madalla. Don Allah idan kin shiga ki turo min ƙusoshi, ina faɗaɗa rumbu." Inna tana kwance, ba ta iya juyawa sai an kama ta, ta ce to.

A gidan gaisuwar rasuwa Umma ta ji labari. Wata mata daga Bahri ta riƙe hannunta ta ce, "Ya jikin Hajiya? Ta fara takawa kuwa?" Umma ta dawo gida, ko tob ɗinta, lafayar fita, ba ta cire ba, ta ja ni muka nufi tasha.

Da Inna ta yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sa maƙwabciya ta shimfiɗa mana sabon zanen gado, aka fito da kofunan cikin kabad masu bakin zinariya, waɗanda ba a taɓawa sai surukai sun zo. Ta tambayi Umma lafiyar maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar suka fara haɗuwa.

"Yaya, wallahi ban sani ba," in ji Umma. "Gonarki ce na gani..."

"Na gode, Hajiya. An ce kin yi ƙoƙari ƙwarai. Kajina ma sun gode. Ki sha shayi kada ya huce."

"Yaya, ma'alesh, ki yi haƙuri. Ki yi min faɗa mana."

"Faɗan me? Baƙo ake yi wa faɗa?"

A hafla muna komawa Umma ta yi ta kuka a cikin gefen tob, ni kuma ina kallon kogi ban gan shi ba. Bayan kwana kaɗan saƙon nan ya iso: ba za ta zo dakan turare ba, a daka a waya, tunda yanzu a can ake komai.

Maza suka shiga sulhu. Kawu ya ce a bar masa, shi ya san halin yayarsa. Ya tura mata kyautar saniya a cikin wasan, mai tsada, mai ƙararrawa a wuya. Inna ba ta karɓa ba, saniyar ta yi ta tsayuwa a bakin shinge. Baba ya tara mu a tsakar gida bayan sallar la'asar, ya yi dogon jawabi a kan yadda wasa yake cinye lokaci da zumunci, ya ce daga yau ya haramta shi a gidansa. Sai ya gyara murya ya ƙara da cewa hukuncin zai fara aiki ne bayan girbin da ke tafe, domin barin amfani ya lalace a gona almubazzaranci ne. Yayata amarya kuwa ta shiga ɗaki tana cewa ita kam za ta tare da turaren kanti, kowa ya huta.

Umma ta koma Bahri ita kaɗai, ta sake komawa. A zuwa na uku ta tafi da ni, wai ko Inna za ta ji nauyina. Muka tarar ta fara takawa da sanda. Wannan karon ma kofunan zinariya aka kawo. Umma ta ture nata gefe.

"Yaya, ki faɗi abin da kike so. In goge wasan? Yanzu zan goge shi a gabanki."

"Ki goge don me? Shi ya hana ki hawa mota?" Inna ta juya cokali a kofi. "Abu ɗaya nake so. Ku fita daga gonata, ke da ɗan'uwanki da wannan mai kallon gajimaren. Kada wanda ya sake zuba mata ko ɗigon ruwa. Idan ina lafiya, ni zan shayar da abata. Idan kun ga ta bushe, kun san hanya."

"Sannan za ki zo dakan?"

"Sannan zan gani."

Aka sanar da dangi duka, har Katsina. Kwana biyu gonar Inna tana kore. A rana ta uku da safe Umma ta fito daga kicin da waya a hannu, fuskarta ta sauya. Kuɓewa ta sunkuyar da kai, wata alamar ɗigon ruwa tana ta tsalle a kanta. Na ga Umma ta kai yatsa dab da gilashin. Taɓawa ɗaya ta isa. Ta ajiye wayar a kan randa kamar garwashi, ta ce in ɗauko mata tob.

Muka sha zafi da cunkoson gada, muka isa a jiƙe. Inna tana zaune ƙarƙashin dogon yaro, tana tsince wake, lafiyarta ƙalau.

"Au, ta bushe?" ta ce. "Mantuwa. Tsufa kenan. Tunda kun zo," ta dube ni, "ke ɗauko tsintsiya."

Ni dai na lura a kofunan kullum aka ba mu shayi ranar, masu tsaguwa a baki.

Mantuwar Inna ta yawaita. Ta manta ranar Litinin, ta manta ranar Laraba. Umma ta haye gadar nan har yaran mota suka san ta, suna ce mata, "Hajiya, Bahri?" tun kafin ta buɗe baki. Ba ta yi gunaguni ba ko sau ɗaya. Tata gonar ta koma saura, alkama ta ruɓe a tsaye, ba ta kula ba.

Abin da Inna ba ta lissafa ba shi ne, ba Umma kaɗai take ganin gonar ba. Dangi kaf suna gani, kuma kowa yana jin kunyar abin da ya faru, babu mai son a ce shi ne na ƙarshen zuwa. Da kuɓewa ta sunkuya sai waya ta ɗauka daga Alsahafa zuwa Umdurman: "Gonar Hajiya ta bushe!" Kawu ya rufe shago ya kwaso matarsa da 'ya'yansa da lemo. Matan da aka yi shekaru ba a gani ba suka riƙa sauka daga raksha. Masu zuwa gaida mara lafiya a ƙasar nan kuwa ba sa tafiya sai sun ci abincin rana, sun yi barcin azahar, sun sha shayin yamma. Wata tsohuwa da labari ya isa kunnenta a karkace ta fara kuka tun daga bakin layi, ta shigo tana salati, ta tarar da mamaciyar tana soya albasa. 'Ya'yan Inna suka riƙa kira daga ƙasashen waje a firgice. Sukarinta ya ƙare, gawayinta ya ƙare, 'ya'yan Kawu suka karya mata reshen lemun tsami.

Ta koma shayar da gonar a kan lokaci, amma ta makara. Rannan aka ɗauke wuta tun safe, wayarta ta mutu, kafin azahar gidanta ya cika maƙil.

Ranar dakan turare muka shimfiɗa tabarmi, aka jera turame, mata suka fara isowa. Umma tana ta kai da kawo, tana gaisawa da mutane, idonta yana kan ƙofa. Inna ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba. Har an fara raɗa a gefen da tsofaffi suke. Sai muka ji raksha ta tsaya. Inna ta shigo da sandarta, direban yana biye da ita da jakar kwalabe, da kuma wata jakar ta tufafi, babba.

Umma ta taso da gudu. "Yaya..."

"Ke, kada ki faɗa min a ƙugu. Wannan sandal ɗin wa ya saya? Kin bari sun cuce ki, rabinsa itacen wuta ne. Kawo min kujera mai baya." Ta zauna, ta dubi jakar tufafin. "A kai wannan ɗakinki. Zan kwana biyu a nan, sai bayan biki. Gidana ya zama tasha, na zo in huta."

Umma ta ɗauki jakar da kanta, tana dariya tana share ido da gefen tob. Guɗa ta tashi, taɓare suka fara sauka a turmi, ƙamshin kanumfari ya cika gidan har ya fita layi. Yayata ta leƙo daga ɗaki, Inna ta daka mata tsawa ta koma, amarya ba ta fitowa rana.

Can da aiki ya yi nisa, ina durƙushe kusa da ita ina riƙe mata kwalba, sai ta zaro wayarta daga cikin tob ta tura min a ɓoye.

"Shiga ki shayar min da kuɓewar nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Hannuna duk mai ne. Yi sauri, kafin kawunki ya gani ya kwaso su zuwa nan."